Gayyar Da Ta Binne Shafin Raudatu

FEJI NA 31

Daga wayar Hajja Falta ta Rijiyar Baure

Da sunan Allah na buɗe baki, Shi kaɗai ya san abin da ya rage a rumbun kowa.

To masu zagina a ƙasan rubutu, na gani. Wata ta ce na ɓace ko sallama babu, wata ta ce in data ce ta ƙare in faɗa ta turo mini. Ba data ba ce 'yar nan, hannu ne. Duk wadda ta taɓa ɓarar zoɓo ta san yadda yake cin yatsu, ƙaiƙayi har gwiwar hannu. Da wane yatsan zan danna? Ke kuma mai cewa na cika jan zance, je ki rubuta naki mu gani.

Sababbin shigowa ku matso, a dunƙule zan ba ku.

Raudatu 'yar maƙwabcina ce, Malam Hashimu. Aurenta ya mutu ta dawo gida, uwarta ta rasu, ba ta da komai sai waya. Ita ta buɗe shafi a intanet tana tallar farin zoɓon garinmu. A shekarun nan duk wanda ya rubuta farin zoɓo a injin binciken nan da kuka sani, sunanta ne a saman kowa. Ana kira daga Legas, ana kira daga Abuja, har daga Makka an kira ina zaune. Bazawarar da ake ratsa ta a wuce, sai ga shi ana shimfiɗa mata tabarma.

Da bana ta kama, ubanta ya miƙe a masallacin Juma'a ya ce kowa ya bar gero ya shuka farin zoɓo, kasuwa tana hannun 'yarsa. Aka kuwa bari. Yanzu ga kaka ta yi. Ƙauyukan da ke kewaye da mu suna ɗaurin gero, mu buhunan zoɓo ne har bakin zaure, wayar Raudatu kuwa shiru. Dillalai ja suke nema, fari ko ɗaga buhun ba sa yi.

To mu je.

Bayan azahar ce. Muna tsakar gidan Malam Hashimu, matan unguwa kowa da tulin zoɓo a gabanta tana ɓara. Ba mai hira. Ni da aka sani da baki, ranar ƙuda ya sauka a leɓena bai ji motsi ba.

Raudatu tana gindin turmi, waya a cinya. Ta ɓare ɗaya ta kalli waya. Ta ɓare wani ta ɗaga ta sama, wai ko sabis ne.

“Sabis yana nan,” in ji Aina'u matar Kamaruddeen, ko ɗago kai ba ta yi ba. “Ɗazu uwata ta kira ni, wai ko ta aiko mana da tsaba. Uwata fa, Raudatu. Ni da nake aika mata.”



Sai ga ƙarar babur a ƙofar gida.

Najib ne, ɗan Juwairiyya ƙanwar Malam Hashimu, wanda yake koyar da kwamfuta a sakandare a Ɗambatta. Tun damina ake cewa Raudatu ta kira shi ya duba, tana cewa ba sai an kira shi ba. Uwarsa ce ta gaji ta aika masa.

Ya shigo da sallama yana washe baki, ya durƙusa a gaban Raudatu irin na tsokanar taubasai.

“Ranki ya daɗe uwar ɗakina, bawanki ya iso. An ce kin yi arziki har kin daina ɗaukar wayar talakawa.”

Da a da ne, da ta jefe shi da takalmi. Ranar cewa kawai ta yi,

“Sannu da zuwa.”

Ya dube ta. Ya dube ni.

“Ke kuma tsohuwa har yanzu kina nan? Yaushe za ki tafi in ci gado?”

Na ce, “Ga gadon nan a buhu, ɗauki naka tun ina raye.”

Dariyar tasa ba ta kai ƙarshe ba, don ya juya ya ga buhunan.

Juwairiyya ta jawo masa kujera 'yar tsugunno.

“Zauna. Ba gaisuwa na kira ka ba. Duba mana abin nan, ka gaya mana wanda ya yi mana asiri.”

Ya ciro wayarsa ya rubuta. Muka bar ɓara muka kewaye shi, har ina jin numfashin Aina'u a ƙeyata.

Ya ja yatsa sama. Ya sake ja. Ya danna falle na gaba. Ya sake dannawa. Tun muna sa rai har ƙafata ta fara sanyi.

“Ga shi can,” ya ce a hankali.

“Ina?”

“Can ƙasa, Inna. Inda ba mai zuwa. Mai neman zoɓo abin da ya gani a sama yake dannawa ya tafi harkarsa.”

Juwairiyya ta dafe ƙirji.

“To wa ya zauna a wurinmu?”

“Wasu manyan kantuna ne na Legas. Sai wata jarida. A samansu duka kuma injin ne da kansa yake ba da amsa, ya gaya wa mutum mene ne farin zoɓo da yadda ake jiƙa shi, ba sai ya shiga shafin kowa ba.”

“Kantin Legas? Su da ko ganyensa ba su taɓa gani a gona ba? Najib, shekara da shekaru muna wurin nan. Ko a kasuwar Ɗambatta, in ka daɗe a rumfa Sarkin Kasuwa ba ya tashinka haka kawai. In ka mutu ma ɗanka ne zai zauna.”

“Inna, can ba a gadon wuri.”

“Ban gane ba.”

“Kullum sabon rabo ake yi. Suna da ma'aunin da suke auna shafuka da shi, wanda ya fi nauyi ya hau sama. Lokaci zuwa lokaci kuma sai su sauya ma'aunin. Shi ake ce wa ofdet. Kin kwana kina sama, ki tashi an sauya mudu, ki ga kin koma ƙasa.”

Na ce, “Ba shela? Ko mai unguwa in zai sauya ranar shara yana sa a yi shela.”

“Suna yi, Hajja. Da Turanci, a inda ba za ki gani ba.”

Ya miƙa wa Raudatu hannu.

“Ba ni taki in ga shafin ta ciki.”

Ta ɗan riƙe wayar kafin ta saki. Na lura, don ni ba abin da ke wuce ni.

Ya jima yana dubawa. Fuskarsa ta fara sauyawa.

“Raudatu, mene ne wannan a ƙasan shafin? Mai labarin ƙwallo. Mai sayar da kayan gyaran mota. Mai fassarar mafarki. Mai lalle. Me ya haɗa su da zoɓo?”

“Biki ne,” ta ce.

“Biki?”

“Sun sa sunan shafina a nasu, na sa nasu a nawa. Wanda ya yi maka ai sai ka rama. Mai lallen nan ita ta fara sa ni tun ba wanda ya san ni.”

Ya dafe goshi.

“A da wannan yana ɗaga shafi. Yanzu ba sa so. Gani suke haɗa baki kuka yi ku yaudare su.”

“Zumuncin ne yaudara?” in ji Juwairiyya.

Idon Najib yana kan waya.

“Wannan yabon kuma fa? Farin zoɓon Raudatu ba shi da na biyu, Allah ya ƙara albarka. Ga shi nan. Ga shi kuma. Ga shi kuma. Kalma ɗaya ba ta bambanta ba, har inda aka yi kuskuren rubutu iri ɗaya ne. Su wane ne waɗannan?”

Nan fa Juwairiyya ta gyara zama, don a nan take da abin alfahari.

“Mu ne. Gayya muka yi.”

“Gayya?”

“Gayya mana! Da muka ga abin ya yi sanyi ai ba zama muka yi ba. Duk mai waya a garin nan, kullum da safe, gindin durumin nan na bakin rijiya inda sabis ya fi kamawa. A rubuta farin zoɓo, a nemo shafinta, a danna, a fita, a sake dannawa. Wanda bai iya ba a riƙe masa yatsa. Ɗan liman ya tsara yabon, kowa ya kwafa. Raudatu tana dama fura, ni ina toya ƙosai. Ran nan har mai gangar noma ya zo ya kaɗa mana. Damina guda ba mu fasa ba, ko ana ruwa.”

Ba ƙarya ta yi ba. Ni kaina na danna har babban yatsana ya yi kanta.

Najib ya ajiye wayar a ƙasa kamar ta ƙona shi.

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.”

“Wa ya mutu?”

“Inna, gari guda, a gindin bishiya ɗaya, lokaci ɗaya, magana ɗaya, ku shiga ku fito ba ku karanta komai ba. Ke in kina tsaron kasuwa kika ga haka a rumfa ɗaya, me za ki ce?”

“Zan ce mai rumfar tana da jama'a.”

“Shi cewa zai yi 'yan haya ne. Ba ya gane gayya. Ba ya gane biki. Ba sa faɗin ainihin abin da suke aunawa, amma in kin tambaye ni, bikin ne ya fara kayar da shafin, gayyar ta zo ta tura masa ƙasa.”



Wato duk safiyar nan da muka bar surfe, muka bar awaki da yunwa, maza suka bar noman fari suna danna waya, kabari muke haƙawa. Da ganga kuma. Da ƙosai.

Wata tsohuwa a bayana ta fara kuka ƙasa-ƙasa.

Juwairiyya ta miƙe ta ɗaure mayafi a ƙugu.

“To ai sai a je a ba su haƙuri. Ina ofishinsu? Kano ne ko Abuja? A tafi da liman da dagaci, a ce rashin sani ne.”

“Babu inda za ki je, Inna.”

“Ko lambar waya?”

“Babu wanda zai ce miki sannu da zuwa. Ba mutum ne ya zauna ya ce a sauke Raudatu ba. Ba su san da ita ba. Ba su san da garin nan ba.”

Wallahi da cewa ya yi wani ne ya tsane mu, da ya fi mini sauƙi. Maƙiyi ana iya aika masa da goro.

Raudatu ta yi magana, muryarta a dishe.

“Yanzu mene ne magani?”

“A daina gayyar yau. A goge yabon. Ki cire duk 'yan bikin nan.”

“In cire mai lalle?”

“Har ita.”

“Da wane ido zan kalle ta?”

“Da idon da za ki kalli buhunan nan. Sannan ki zauna ki yi rubutu na gaske, yadda ake shuka shi, yadda ake shanya shi, da hoton gonakinku. Sai a jira.”

“A jira me?”

“Su sake sauya ma'aunin.”

“Yaushe?” in ji Aina'u.

“Watanni. Wani ya dawo, wani ba ya dawowa.”

Aina'u ta yi wata dariya marar daɗi.

“Watanni. Farin zoɓo in ya sha ajiya ja-ja yake yi, ya koma kamar ganyen taba. Yarana kuma ba sa cin watanni, tuwo suke ci.”

Da a nan aka tsaya, da da sauƙi. Amma kun san mai ilimi, in ya fara bayani sai ya kai ƙarshe. Yana ƙoƙarin ya lallashi taubashiyarsa ne fa, bawan Allah.

“Kar ki ɗora wa kanki, Raudatu. Ba ke kaɗai ba ce. Wannan ofdet ɗin ya kayar da mutane da yawa. Tun bazara masu shafuka suke kuka, tun kafin ruwan shuka. Abokina ma...”

“Tsaya.”

Juwairiyya ce.

“Tun yaushe ka ce?”

“Tun bazara.”

“Kafin ruwan shuka?”

Sai a lokacin ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya juya ya kalli Raudatu. Ita kuwa ƙasa take kallo.

“Wataƙila nata bai faɗi a lokacin ba,” ya ce da sauri. “Wani yakan ɗauki...”

“Rufe mini baki. Raudatu, ɗago ki dube ni.”

Ba ta ɗago ba.

“Mai rumfa ba ta rasa sanin ranar da ciniki ya tsaya. Ranar da aka yi ruwan shuka, maza suka fita da irin zoɓo maimakon gero, kin sani ko ba ki sani ba?”

Ta ƙara sunkuyar da kai.

“Da ke nake!”

“Na sani, Gwaggo.”

Salati ya tashi ta ko'ina. Wata ta kifar da ƙwaryar zoɓonta. Kafin in juya, Aina'u ta ja mayafi ta fice fuu. Don haka kar wata ta rubuta mini a ƙasa wai ni na kai wa maza labari. Wannan karon an riga ni.

Juwairiyya ta tsaya a kan Raudatu.

“Kin sani. Kina kallo na ba da irin gerona aka yi fura da shi ranar gayya. Kina kallo! Kika bar ubanki, dattijo, yana bi gida-gida yana cewa kasuwa tana hannun 'yarsa. Don kar a naɗe miki tabarma? Don a ci gaba da ce miki Hajiyar intanet?”

“Inna, ki yi a hankali,” in ji Najib.

“Ba zan yi ba! Wace rijiya za ta je ɗibar ruwa a garin nan? Wane gidan suna za ta shiga? Duk yaron da ya kwana da yunwa bana, sunanta uwarsa za ta kira. Wallahi zaman garin nan ya ƙare miki, ki fara neman inda za ki.”

Raudatu ba ta ce uffan ba. Ko hawaye babu. Ni kuwa na daɗe a duniya, na san mai laifi yakan yi ta rantse-rantse. Wannan shirun bai yi mini kama da na mai laifi ba.

Ana haka sai gyaran murya daga zaure.

Malam Hashimu ne, da fartanya a kafaɗa. Ban san tun yaushe yake tsaye ba.

“Yaya, ka ji abin da 'yarka ta yi mana?”

“Na ji.”

Ya jingine fartanya.

“Raudatu, zo.”

Ya yi bayan rumbu, ta bi shi.

Ni kuma sai fitsari ya kama ni. Tsufa ne, ba wani abu ba. Ba kuma ni na gina banɗakin gidan a bayan rumbu ba.

Ga abin da kunnena ya ji ta zana.

“Me kika gaya musu?”

“Na ce na sani.”

“Sai me?”

“Shi ke nan.”

“Yauwa.”



“Yauwa kawai, Baba?”

“Rage murya.”

“Na same ka a gindin ɗorawa kana gyaran garma, ranar ko girgije babu a sama. Na durƙusa na ce Baba an sauke ni, kira ya ragu, a bar maganar zoɓon nan kowa ya shuka geronsa. Me ka ce mini?”

“Raudatu.”

“Ka ce ka riga ka miƙe a masallaci. Ka ce mai furfura ba ya komawa gaban sahu ya ce na fasa. Ka ce in ja bakina, za ka tara mini gayya.”



Muryar Malam ta fito kamar ba tasa ba.

“Na ɗauka zai tashi. Tun ina yaro ban taɓa ganin gonar da aka yi wa gayya ta ƙi tashi ba. Ina na san wannan ba ya son jama'a?”

“To ka faɗa musu haka.”

“In faɗa wa wa? Ni nake jan salla in liman ba ya nan. Ni ake kira in za a raba gona, ni ake kira in miji da mata sun saɓa. In suka ji daga bakina, ina zan sa goshina a garin nan? Ke yarinya ce. Za a ce kuskure ne, a yi surutu, a manta.”

“Ba za a manta ba, Baba. Ba ka ji Gwaggo ba? Ni bazawara ce. Inna ta rasu. Gidan nan kaɗai gare ni. In na fita ina za ni?”

Na jira ya ce ba inda za ki. Wallahi na jira. Har na riƙe numfashi.

Da ya buɗe baki cewa ya yi,

“Akwai ƙanwar innarki a Bagwai. Kafin abin ya lafa.”

Wato ya riga ya yi tunaninsa. Ba a wurin ya zo masa ba.

Ban ji ta amsa ba. Wani sauti kawai na ji, irin wanda akuya take yi in an danne mata wuya.

Kafin in gama ɗaura zane, ƙofar gida ta cika da hayaniya.

“Salamu alaikum! Malam Hashimu! A yi mana magana da Malam Hashimu!”

Ya fita. Mu mata muka taru a bakin zaure ta ciki, ni a gaba, don gajeriya ce ni, in na tsaya a baya ba na gani.

Maza ne cike da zauren har waje, wasu a kan buhunan zoɓon suke zaune don ba wuri. Liman yana gefe, an taso shi ko hula bai gyara ba. Kamaruddeen mijin Aina'u ne a tsaye a gaba, idonsa jajir.

Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga ma da ya fi.

“Malam, ni gerona ya riga ya fito. Ya kai idon sawu. Ka zo har gona ka ce mini Kamaru kana so a bar ka a baya? Na sa shanu na kife shi da hannuna. Ka tuna?”

“Na tuna.”

“Yau a gidana an dafa rama ba gari. Ƙaramar tana tambayata wai yaushe za a gasa tumu irin na gidan kakarta.”

Wani daga baya ya ce, “Ka bar zagaye-zagaye, tambaye shi!”

“Abu ɗaya muka zo ji, ga liman nan. An ce tun kafin ruwan shuka abin nan ya faɗi. In ƙaddara ce ta same mu gaba ɗaya, mu rungume ta gaba ɗaya. In kuwa wani ya sani ya bar mu muka shuka, ba ma sake haɗa sahu da shi, ba ma haɗa rijiya. Malam, ka sani ko ba ka sani ba?”

Malam Hashimu ya ciro carbi daga aljihu. 

Ya dubi liman. Ya dubi buhuna. Ya dubi ƙasa.

“Ni ko boko ban yi ba,” ya ce. “Wayar a hannunta take. Ku tambaye ta.”

Najib da ke bayana ya ce, “Kawu!” Uwarsa ta make masa hannu.

Aka buɗa mata hanya. Ta zo ta tsaya a bakin zaure, kafaɗarta tana gogar tawa. Jikinta sanyi ƙalau kamar randa.

Liman ya yi gyaran murya.

“Raudatu, ki ji tsoron Allah ki faɗi gaskiya. Kin sani kafin shuka?”

“Na sani, Malam.”

“Kin gaya wa mahaifinki?”

Ta dubi ubanta. Bai ɗago ba, carbi yake ja.

“Ban gaya masa ba.”

Zauren ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce ai dama. Wani ya ce a ba ta zuwa gobe ta tattara. Malam Hashimu ya sauke wata ajiyar zuciya da ni kaɗai na san ma'anarta.

Amma Kamaruddeen bai motsa ba. Ya daɗe yana kallon uban, yana kallon 'yar. Sai idonsa ya sauko kaina.

“Hajja Falta.”

Na ce, “Na'am.”

“Katangarki ɗaya da gidan nan. Kowa ya san ko kaza ta yi ƙwai a unguwar nan ke kike fara ji. Ke kuma ba yarinya ba ce, kin kusa kabari, ba za ki yi mana ƙarya a gaban liman ba. Abin da ta faɗa, haka ne?”

Duk zauren ya juyo.

Malam Hashimu ya ɗago kai, karo na farko, ya zuba mini ido.

Ni da na shekara saba'in ana roƙona in yi shiru, yau ga gari guda yana roƙona in yi magana.

Na buɗe baki.

Sai na ji yatsun Raudatu ta ƙarƙashin mayafi, sun kama hannuna sun matse. Na dube ta.

Ta girgiza mini kai a hankali.